Sawun Tayata a Kwanar Tsamiya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da maigidanka Alhaji da abokan aikinka na tashar Funtua. Allah ya tsare ka a hawa da sauka, ya kare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, ya sa duk inda ka tayar da mota ka kashe ta da hannunka cikin aminci.

Jiya Kawunka Sale ya dogaro sandarsa ya zo har zaure, bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya ce Alhaji ya damƙa maka makullin babbar mota, ka tashi daga yaron mota ka zama direba, kuma lodinka na farko nan gida za ka zo ka ɗauka, masarar kaka. Na yi murna, Allah ya sani. Amma bayan ya tafi sai na tuna da nawa tuƙin. Na ɗauki waya in kira ka, na sake ajiyewa. Maganar da ke bakina ta fi ƙarfin waya, ido da ido kuwa ka san halina, sai in ɓige da tambayarka ko ka ci abinci. Shi ya sa na nemi takarda. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun da ya saba da sitiyari da shebur ne.

Ba zan cika ka da labarin gida ba, kowa lafiya. Labarin kaina zan ba ka, wanda ka san rabinsa.

Ka san na yi tuƙi tun kafin a haife ka, daga kasuwannin hatsin yankin nan zuwa Kudu. Abin da ba ka sani ba shi ne irin direban da nake. Ban taɓa sha ba, ban taɓa cin amanar kayan mutum ba, ban taɓa kaɗe ko akuya na wuce ba. Idan ka tambayi tsofaffin tasha za su ce maka Garba mutumin kirki ne, ba ya iya cewa a'a. Su yabo suke yi. Ni kuwa wannan rashin iya cewa a'a shi ne farkon abin da ya rushe mini gida.

Ka ga yadda ake yi a garinmu da kaka. 'Yan dako sun gama lodi, mota ta ɗauki iyakar abin da aka ƙera ta ta ɗauka, an jawo tamfol za a ɗaure. A daidai nan ne mutane suke fitowa. Wannan ya zo da buhun dawa a kan jaki, ya ce ɗora mini guda ɗaya. Waccan tsohuwa ta aiko da waken suya, ta ce ai ɗan nan nawa ba zai ƙi ni ba. Liman yana da biyu, mai unguwa yana da nasa. Uwa-uba kakanka Malam Audu, mahaifin mahaifiyarka, wanda gidansa ke bakin Kwanar Tsamiya. Shi ba ya ma roƙo. Jera buhunansa yake yi a bakin hanya, ya zauna a kan buzu yana jan carbi. Wane ne zai wuce surukinsa da mota ya bar masa kaya a rana? Ba wanda ya taɓa ce mini ɗora goma, kowa ɗaya yake cewa. Amma kafin in bar gari, lodin ya yi tozo har yana shafar rassan tsamiya.

To ka ji nasiha ta farko, ɗana. Kunya ado ce a zaure da wurin cin abinci. A gindin mota kuwa, in an ja tamfol, ka ajiye ta. Wanda ka ƙi ɗaukar wa buhu zai yi fushi ya huce. Hanya ba ta fushi, ba ta kuma hucewa, ajiyewa take yi.

Kuskurena na biyu ba kunya ba ce, girman kai ne tsagwaronsa. Da na ga motar tana durƙusawa da kaya, maimakon in rage sai na kai ta wajen makanike aka ƙara mata ganyen sifirin, ƙarafan nan da ke riƙe nauyi a kan tayoyi, aka kai wa mai walda ya ƙara wa bodi tsawo. Tayoyi kuwa, duk sanda na tsaya wajen mai faci sai in ce ya ƙara iska, ya ƙara, har sai na buga da ƙarfe na ji tana amo kamar ganga. Sai motar ta miƙe tsaye, kai ka ce ba ta ɗauki komai ba. 'Yan tasha suka sa mata suna Giwa. In na shigo ana ta kirari, ni kuwa kaina yana kumbura. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba: nauyin da motar ta daina nunawa, ina ya tafi? Ai bai tashi sama ba.

Shekarar da kake rarrafe aka zo aka yi mana titin da ya haɗa garinmu da babbar hanyar Malumfashi. Kai ba ka san wahalar da aka sha kafin nan ba. Da damina mace mai naƙuda a amalanke ake fitar da ita. Iyayenmu sun yi ta zarya wajen hukuma har wasunsu suka mutu ba su ga kwalta ba. Ranar da aka gama, yara har kwanciya suka riƙa yi a kai.

Akwai wani injiniya cikin masu aikin, ɗan siriri mai tabarau, mutumin wajen Zariya. Wata rana na fito da Giwa ta sha lodi, sai ya ɗaga mini hannu. Na ɗauka rage masa hanya zan yi. Ya gaishe ni da ladabi, ya zaga motar, ya tsuguna yana duban tayoyin baya. Sannan ya ce in ba shi aron kunnena. Ya ce titin nan na ƙauye ne, kwaltarsa ba ta da kauri, a ƙarƙashinta tsakuwa ce da jar ƙasa da aka daddale, a can ƙasa kuma laka ce ta fadama. Ya ce duk sanda taya ta taka, titi yana ɗan lanƙwasawa ya dawo, ido ba ya gani. In nauyin daidai ne zai yi ta dawowa shekara da shekaru. In ya wuce kima, kullum sai ya dawo da saura. Ya ce titi ba ya ƙirga motoci, nauyin da ke kan kowace taya yake ji, kuma in ka ninka wa taya kaya ɓarnar ba ninki biyu take yi ba, ninkin-ba-ninkin ce. Ƙananan motoci da babura su wuni suna wucewa, ba su yi masa abin da Giwa za ta yi a wucewa ɗaya ba.

Da ya ga ina murmushi sai ya ce, "Malam Garba, raƙumi ya fi jaki nauyi, amma a taɓo wa ya fi nutsewa?"

Na ce jaki.

Ya ce, "To saboda kofatonsa tsukakke ne. Iskar nan da kake cika wa taya, ka mai da tafin raƙumi kofaton jaki, ka kuma bar masa nauyin raƙumi."

Na gane sarai, kada ka ce ban gane ba. Amma akwai mutane a wurin, kuma ni ne mai Giwa. Sai na ce masa mu da muka yi tuƙi tun ba kwalta, yau yaron da ko giyar mota bai iya sawa ba zai koya mana taya? Aka yi dariya. Ya goge tabarau ɗinsa, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Har yau ina jin wannan addu'ar tasa, don ba da gatse ya yi ta ba.

Ta biyu ke nan. Kada ka bari a gyara maka mota don ta ɓoye nauyinta. Iskar taya kuma ka tsaya inda maƙeranta suka ce, kada ka ƙara don burga, kada ka rage don lalaci. In mai ilmi ya tsayar da kai a gaban mutane, ka saurara ko da jikanka ne. Dariyar 'yan tasha ba ta raka kowa gida.

Sauran kurakuran ƙanana ne a idona a lokacin. Lodi nakan bari a tara shi a baya, don nan ya fi sauƙin jifa, sai layin tayoyin ƙarshe ya ɗauki kusan komai, na gaba suna hutawa. In ɗaya daga cikin tagwayen tayoyin baya ta fashe, ba na tsayawa neman wata, sai in ce 'yar'uwarta ta kai mu. Taya ɗaya ta ɗauki kayan biyu. Da bazara kuma nakan fito da tsakar rana, lokacin da kwalta ta yi laushi har takalmi yana mannewa. Da damina, in ragowar hatsi ya yi daraja a kasuwa, nakan fito washegarin ruwa, alhali ƙasan titin ta jiƙe sharkaf ba ta da ƙarfin riƙe komai. Kuma kowace tafiya sai na taka birki a wuri guda, a Kwanar Tsamiya, ƙofar gidan kakanka, in ɗauki buhunansa, in sake fizgar motar daga nan.

Mahaifiyarka ce ta fara gani. Allah ya jiƙanta, mace ce mai tsafta da son daɓe. Ita da ƙawayenta suka daɓe ɗakinta da tsakar gida, suka shafe shi da makuba har yana ƙyalli. Ba ta taɓa yarda a kafa turmi a kansa ba. In yarinya ta manta ta fara daka a wurin, da gudu take fitowa. Wata rana ta dawo daga gidan iyayenta, tana zuba mini ruwan wanka, sai ta ce ta ga hanya ta fara kwari biyu a ƙofar gidansu, daidai faɗin ƙafafun motata. Na ce kwalta ce ba su zuba da kyau ba, 'yan kwangila ai ka san su. Sai ta ce:

"Ni dai na san ba a kafa turmi a kan daɓe. Wannan kuwa daɓen mutanen gari ne, Malam."

Na ce ruwan ya yi zafi ta surka.

A gaban idona abin ya lalace. Da farko sawu biyu ne marasa zurfi. Sannan kwaltar da taya ke matsewa ta tattaru a tsakiya da gefe ta yi kunya kamar ta gona. Inda nake taka birki ta turu gaba ta yi tudu-tudu. Cikin sawun ya tsattsage kamar ƙasan tafki in ya ƙafe. Da ruwa ya sauka sai ya kwanta a kwarin, ya bi tsagar ya shiga ƙasa. In na taka, sai ka ga jan ruwa yana tsartuwa daga cikin tsagar, ashe cikin titin ne yake fita. Daga nan kwalta ta fara ɓallewa, rami ya buɗe baki. Ba ni kaɗai ke bin hanyar ba, ba zan ɗora wa kaina ƙarya ba. Amma babu mai tsayawa a kwanar nan da kaya irin nawa sai ni, kuma mutum ya san sawunsa.

Ka tuna ranar, ko da yake kana ƙarami. Da safe ne, an kwana ana ruwa. An yi rasuwa a dangin su mahaifiyarka a Malumfashi, Kawunka Sale ya zo ya ɗauke ta a babur. Ni ina Kudu. Da suka iso kwanar, ruwa ya shafe komai, ba a gane kwari ba a gane rami. Tayar gaba ta faɗa cikin sawun, ya yi ƙoƙarin fitar da ita, tudun kwaltar nan ya ƙi ba shi hanya, sai ramin ya karɓe su. Shi babur ya danne masa ƙafa. Ita kuwa ƙeyarta ce ta bugu da gefen kwalta, a ƙofar gidan ubanta, yana zaune a kan buzunsa yana kallo. Ta yi kwanaki a asibiti ba ta san wanda ke kanta ba. Na iso na tarar da ita da rai, amma ba ta ƙara buɗe ido ta gan ni ba.

Bayan an yi bakwai na je kwanar ni kaɗai. Ruwan ya janye. Na tsaya da ƙafa ɗaya a cikin wannan kwari, na dubi ɗayan, na ga faɗin Giwa ne babu ragi babu ƙari. A nan na zauna na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Na san abin da za ka ce, don shi kowa ya ce: kwananta ne ya ƙare. Haka ne, na yi imani da ƙaddara, ko a kan gadonta take ranar ba za ta wuce ba. Amma tun muna makarantar allo ake karantar da mu cewa kawar da ƙaya daga hanya sadaka ce. To wanda ya haƙa rami a hanya fa, da sannu, shekara da shekaru, bayan an gaya masa sau biyu? Ajali na Allah ne, sawun kuwa nawa ne.

Giwa dama ba tawa ba ce, tuƙi aka ba ni, sai na mayar wa mai ita makullinsa. Mutane suka ce baƙin ciki ne ya karya ni, na bar su a haka. Na koma gona, na sayi baro da shebur. Tun daga lokacin ka san inda ake samuna da hantsi: ina ɗebo marmara ina cike ramukan kwanar nan, ruwa ya wanke in sake. Ka tuna kana makarantar sakandare, wata rana kun taho da abokanka, wani direba ya jefo mini canji ta taga, ka sunkuyar da kai ka bi ta bayan tsamiya don kada a ce ubanka ne? Na gan ka. Ban ji haushinka ba ko kaɗan, ni ma da ni ne haka zan yi. Da daddare ka ƙi cin tuwo, ka ce don me nake zubar mana da mutunci alhali muna da abin da za mu ci. Na ce maka lada nake nema. Ba ƙarya na yi ba, amma ban gaya maka duka ba.

Akwai wanda na fi zalunta a kan kai, shi ne Kawunka Sale. Duk shekarun nan yana ganin shi ya kashe yayarsa. Ya sha faɗa a gabana cewa da ya rage gudu, da ya sauke ta sun taka da ƙafa. Ni kuwa sai in ce ya yi haƙuri, haka Allah ya so. Ban taɓa buɗe baki na ce masa ba gudunka ba ne, Sale, kwarin da na haƙa ne ya riƙe maka taya. Na bar gurgu da kayan da ba nasa ba, don ina tsoron idon da zai dube ni da shi. Wannan ita ce ta ƙarshe, kuma ta fi sauran ciwo: in ka yi ɓarna ka faɗa da wuri. Da na sani ƙeya ce, kullum a baya take, kuma tana ƙara nauyi da shekaru.

Yanzu ga dalilin da ya sa ban jira ka zo ba. Jiya da Kawunka yake ba ni albishir, ya ce ya riga ya ware buhunan waken suyarsa, zai jera su a kwana, a inda mahaifinsa yake jerawa. Yana dariya ya ce ɗan yayarsa ne direba, wa zai hana shi? Na san kai ma ba ka iya haɗa ido da shi ka ce a'a. Shi ya goya ka a bayan rasuwar, da ƙafa ɗaya. Kuma titin nan bara aka sake shimfiɗa shi, bayan mutane sun sake yin zaryar da iyayensu suka yi. Kwaltar kwanar tana nan sumul, ko tsaga babu. Ni da shebur ɗina yanzu sai share yashi da buɗe wa ruwa hanya a gefe.

Ina roƙonka, ba umarni nake ba ka ba, don wanda ya yi abin da na yi bakinsa ya yi gajarta. In 'yan dako sun kai inda motar ta ƙoshi, ka sa a ja tamfol a ɗaure a gabanka. Ka raba kayan daidai daga gaba zuwa baya. Ka zaga ka duba tayoyinka ɗaya bayan ɗaya, kada ka tashi da gurguwar taya. In rana ta take, ka samu inuwa ka yi azahar ka huta, sannu ba ta hana zuwa. In Alhaji ya matsa maka ka ƙara, ka ba shi haƙuri ka ce ka fi son ka yi sawu biyu. In ya ce sai dai ka ajiye makulli, ka ajiye ka taho gida, gonar nan ta ishe mu. In ka iso kwana ka ga Kawunka da buhunansa, ka wuce gaba ka sauka daga kan kwalta ka tsaya, ka dawo da ƙafa ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce masa mota ta cika. Ba zai yi maka wuya kamar yadda kake tsammani ba. In Allah ya kai mu gobe, da na ba da takardar nan a kai maka, gidansa zan wuce in gaya masa abin da na gaya maka. Waken nasa kuwa ni zan nemo a-kori-kura ta kai masa Funtua, in har ya yarda ya sake karɓar wani abu daga hannuna.

Ni ma ina da masara a rumbu. In tsufa ya sa na manta na ce maka ɗora mini guda ɗaya, ka ƙi ni.

Ranar da za ka fito da lodin, ina nan gindin tsamiya. Ba sai ka danna mini odar mota ba, ba sai ka ɗaga hannu ba. Na daɗe ina tsaye a bakin hanyar nan, tafin ƙafata yana gane nauyin mota tun kafin ta iso. In ka wuce ƙasa ba ta girgiza a ƙarƙashina ba, na san takardata ta isa, zan je in gaya wa mahaifiyarka a inda take kwance cewa an samu mutum ɗaya a gidanta da ya ji maganar daɓe.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka zuciyar da ta fi tawa ƙarfi. Ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare waɗanda za su bi hanya bayan ka wuce. Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya haskaka kabarinta, ya yafe mini. Ka gai da Alhaji. Ka riƙe salla a kan lokaci, ko a gefen titi ne.

Wassalam. Ni ne mahaifinka,
Garba